Ɓangaren manhaja da ya san iyakarsa: yadda ake haɗa kaya a Spring

Manhajojin intanet da yawa da ke yi wa mutane rajista suna tura lambar sirri zuwa waya ta saƙon tes. Aikin bai canzawa daga manhaja zuwa manhaja: a ƙirƙiri lamba mai alƙaluma shida, a ajiye ta, a tura wa mai wayar, a ba shi 'yan mintoci, in ya dawo da ita a duba ko ta dace. Shi ya sa duk kamfanin da ke gina manhajoji fiye da ɗaya yakan so a rubuta wannan ɓangare sau ɗaya, a naɗe shi a matsayin laburare, kowa ya ɗauka. A manhaja ta farko komai yana tafiya lafiya lau. Sai an zo ta biyu ake gane abin da aka shuka.

A ce manhajar farko ta wani asibiti ce a Kano, ta biyu kuma ta wani ɗan kasuwa ce a Maraɗi. Lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11 in an haɗa da sifilin farko, kuma ana cire sifilin a sa +234 a gabanta. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, ana sa mata +227. Kamfanin da ke tura tes ɗin daban ne, mabuɗin shiga wurinsa daban, har rumbun da ake ajiye lambobin ma wataƙila daban. Idan mai rubuta ɓangaren ya sa kilas ɗinsa (gutsuren kod da ke ɗauke da wani aiki) ya gina mai tura saƙon da kansa, wato ya rubuta `new` ya ambaci sunan wani kamfani a tsakiyar aikin, to ya yanke hukunci a madadin duk wanda zai yi amfani da ɓangaren nan gaba. Mafitar da ta rage wa mutum na biyu ita ce ya kwafi kod ɗin ya gyara nasa, daga nan an koma da kwafi biyu, kowane gyara sai an yi shi sau biyu.

Dabarar da masu sana'ar ke kira dependency injection ta zo ne don wannan. Kilas ba ya gina abin da ya dogara da shi, ba ya ma fita nemansa. Yana faɗin abin da yake buƙata ne kawai, wani daga waje ya miƙa masa. Wayoyin wutar gida ba ruwansu da inda wuta ta fito, ko daga layin gwamnati, ko janareta, ko sola. Mai gida ne ke juya makunni a waje, fanka kuma ta ci gaba da juyawa. A manhaja, abin da ke tsayawa a matsayin soket shi ne intafes: yarjejeniya ce da ke cewa duk wanda zai zama mai tura saƙo dole ya iya karɓar lambar waya da rubutu ya tura. Kilas ɗin lambar sirri yana magana da wannan yarjejeniya, bai san sunan kamfanin da ke bayanta ba.

Martin Fowler, marubuci kan gina manhaja, shi ne ya yaɗa sunan dabarar a wata maƙala da ya fitar a Janairun 2004, amma aikin ya riga sunan. A 2002 Rod Johnson ya fitar da littafi kan gina manhajojin Java na manyan kamfanoni, inda ya nuna cewa tsarin EJB, wanda ake gina irin waɗannan manhajoji da shi a wancan lokaci, ya yi nauyi fiye da kima, kuma kod ɗin da ya raka littafin shi ne ya zama Spring, wani tsari na gina manhajojin Java, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a Maris ɗin 2004. Zuciyar Spring ita ce kwantena. Idan manhaja ta tashi, kwantena ce ke karanta jerin abubuwan da aka yi mata rajista, ta gano wanne ke buƙatar wanne, ta gina su bi da bi, ta miƙa wa kowa nasa. Duk abin da kwantena ta gina take kula da shi, Spring na kiran sa bean. Da farko a fayil ɗin XML ake rubuta wannan jeri, layi bayan layi. Sigar 2.5 ta 2007 ta kawo alamar `@Autowired`, sigar 3.0 ta 2009 kuma ta kawo `@Configuration` da `@Bean`, aka koma rubuta haɗin da Java kanta.

Ta ina ake miƙa kayan? Akwai hanyoyi uku da aka saba da su, amma ba darajarsu ɗaya ba. Mafi sauƙin rubutawa ita ce a ɗora `@Autowired` a kan wurin ajiyar da ke cikin kilas, kwantena ta zura abin ta bayan gida. Layi biyu an gama, shi ya sa ta cika tsofaffin manhajoji. Illarta ita ce kilas ɗin yana ɓoye buƙatunsa. Mutum zai iya gina shi da hannu ba tare da ya ba shi komai ba, kod ya haɗu babu ƙorafi, sai an zo tura saƙo ya fashe saboda mai turawar babu shi. Ga ɓangaren da ake son wasu su ɗauka, wannan babban aibi ne, domin ya ɗaure shi da Spring ɗauri na har abada. Hanya ta biyu, ta miƙawa bayan an gina abu, tana da amfani ga abin da ba dole ba ne. Wadda ta fi ita ce ta kwanstrakta, wato ƙofar da ake bi a gina abu daga kilas. In kilas ɗin lambar sirri ya ce ba za a gina shi ba sai an ba shi mai tura saƙo, da ma'ajiya, da agogo, to ba yadda za a yi a same shi rabi da rabi. Tun daga Spring 4.3 na 2016, kilas mai kwanstrakta ɗaya ba ya buƙatar wata alama ma, kwantena ta san ta nan za ta shiga. Ma'ana ana iya rubuta ainihin aikin ɓangaren da Java zalla, babu ko kalma ɗaya ta Spring a cikinsa.

Maganar agogo ba wasa ba ce. Lambar sirri tana mutuwa bayan minti biyar, to ta yaya za a gwada hakan? Wanda ya sa kilas ɗinsa ya tambayi injin lokaci kai tsaye sai dai ya zauna ya jira minti biyar a kowane gwaji, ko ya bar gwajin gaba ɗaya, kuma yawanci barin ake yi. Java 8 ta 2014 ta zo da kilas mai suna `Clock` don wannan dalili. In an miƙa agogon daga waje, a gwaji sai a ba shi wanda aka tsayar a wani lokaci, sannan a ba shi wani da ke gaba da minti shida, a ga ko an ƙi lambar. Haka mai tura saƙon: a gwaji ana ba shi na bogi wanda ke rubuta saƙon a ƙwaƙwalwa kawai, ba a kashe ko kwabo a kan tes na gaske.

Wata fa'idar kwanstrakta da ba a cika faɗa ba ita ce tana tona asiri. Kilas ɗin da ke neman abubuwa goma sha biyu kafin a gina shi yana da muni a ido, kuma munin gaskiya ne: yana yin aikin da ya kamata a raba wa kilas uku. Da an zura masa su ta bayan gida, ba wanda zai lura.

Duk wannan game da cikin ɓangaren ne. Inda aikin ke da wuya shi ne bakin iyaka, wurin da laburare ke haɗuwa da manhajar da ta ɗauke shi. Wa zai gaya wa kwantena cewa ga sababbin kaya sun zo? Alamar `@SpringBootApplication` tana sa Spring ta binciki fakitin da babban kilas yake da duk na ƙarƙashinsa, ta yi wa abin da ta tarar rajista. Laburaren da ya zo daga waje yana wani fakiti dabam, don haka binciken ba ya kai gare shi. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su faɗaɗa binciken ya haɗa da fakitin laburaren. Yana aiki, amma a ganina nan ne ake fara lalata abin. Bincike ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar yake kwasowa, har da wanda manhajar ba ta so. In kuma manhajar ta kawo nata mai tura saƙon, kwantena za ta tarar da biyu masu cika yarjejeniya ɗaya, ta ƙi tashi, ta ce ba ta san wanda za ta miƙa ba. Ana iya kashe wutar da `@Primary` ko `@Qualifier`, alamomin da ke nuna wanda za a zaɓa, amma laburaren da ke tilasta wa kowa yin haka ya ɗora wa mutane wahalar da shi ya kamata ya ɗauka.

Spring Boot, wani ƙari da aka ɗora kan Spring don sauƙaƙa tayar da manhaja, wanda sigarsa ta farko ta fito a Afrilun 2014, ya warware wannan da abin da ake kira haɗin kai tsaye. Laburare yana zuwa da kilas ɗin haɗi na musamman, ya rubuta sunansa a wani fayil da ke cikin jakar `META-INF`. Boot yana karanta fayil ɗin, amma yana jinkirta aiki da waɗannan kilas har sai ya gama da duk abin da manhajar ta yi wa rajista da kanta. Wannan jinkiri shi ne sirrin gaba ɗaya. Saboda shi ne alamar `@ConditionalOnMissingBean` ke da ma'ana: laburare yana cewa ga mai tura saƙo nawa, amma in mai manhaja ya riga ya kawo nasa, na janye. Duk wanda ya taɓa haɗa Boot da rumbun bayanai ya ci moriyar wannan ko bai sani ba. Tun daga Boot 2.0 na 2018, in ka ba da adireshin rumbu kawai, za a gina maka tafkin haɗi na HikariCP, wato tarin hanyoyin shiga rumbun da ake ajiyewa a buɗe. Ranar da ka rubuta naka `DataSource`, wato abin da ke ba da hanyar shiga rumbun, nasu ya ɓace shiru, ba sai ka kashe komai ba.

Sai dai alamar tana duba abin da aka riga aka yi wa rajista ne a daidai lokacin da aka iso kanta. In aka sa ta a kilas ɗin haɗi na yau da kullum, wanda ba a jinkirta shi ba, sakamakon ya dogara ga wanda aka fara karantawa, kuma wannan jeri yana iya sauyawa don kawai an canza wa wani kilas suna. Irin wannan kuskure ne ke aiki a kwamfutar mai rubutu ya ƙi aiki a saba, wato kwamfutar da manhaja ke yi wa jama'a aiki a kanta. Don haka kilas ɗin haɗin kai tsaye bai kamata ya faɗa cikin bincike ba, shi ma bai kamata ya kunna bincike ba. Ga kuma wani tarko na tarihi: shekaru da dama fayil ɗin rajistar shi ne `spring.factories`. Boot 2.7 na Mayun 2022 ya kawo sabon fayil mai ƙarewa da `AutoConfiguration.imports`, sannan Boot 3.0 na Nuwamban wannan shekara ya daina duba tsohon don wannan aiki. Laburaren da bai ƙaura ba ba ya kawo wani kuka na kansa. Kayansa ne kawai ba sa bayyana, sai manhaja ta mutu tana cewa ba ta sami mai tura saƙo ba, mutum ya yi ta neman laifi a inda babu shi.

Bayan zaɓen wanda zai yi aiki, akwai ƙananan saituna: lambar ƙasa, tsawon lambar sirri, mintocin da za ta rayu, mabuɗin shiga. Ana iya warwatsa su cikin kilas daban-daban da alamar `@Value`, amma wanda ya ɗauki laburaren ba zai taɓa sanin iyakar abin da zai iya saitawa ba sai ya karanta kod ɗin duka. Gara a tara su a kilas guda mai alamar `@ConfigurationProperties`, a ba su prefis nasu, misali `tes`, a kauce wa `spring` da `server` da `management` waɗanda Boot ya riƙe wa kansa. Daga nan manhajar Kano ta rubuta `tes.lambar-kasa=234` a fayil ɗin saitinta, ta Maraɗi ta rubuta 227. Boot yana da jerin fifiko: abin da aka bayar a layin umarni ya rinjayi abin da aka saita a muhallin injin, shi kuma ya rinjayi na cikin fayil. Wannan ne ke ba da damar a bar mabuɗin sirri a saba, kada ya shiga ma'ajiyar kod inda kowane ma'aikaci ke gani. Ƙa'idar juya suna kuwa ita ce a mai da ɗigo ya zama layin ƙasa, a cire karan tsakiya, a rubuta da manyan baƙaƙe, sai `tes.lambar-kasa` ta zama `TES_LAMBARKASA`.

A nan akwai hukuncin da babu wata alama da za ta yanke wa mutum: me ya cancanci a ba shi ƙimar asali, me bai cancanta ba? Minti biyar da alƙaluma shida zaɓi ne mai kyau ga kusan kowa, a bar su a matsayin na asali. Lambar ƙasa fa? In mai laburare ya sa 234 ta zama ta asali don shi a Najeriya yake, ranar da ɗan Maraɗi ya manta bai saita ba, manhajarsa za ta tashi garau, ta riƙa tura saƙonni zuwa lambobin da ba su wanzu ba, ba kuma wanda zai sani sai abokan ciniki sun fara ƙorafi. Abin da ba shi da amsa ɗaya ga kowa, a bar shi babu komai, a sa masa `@NotNull`, a sa wa kilas ɗin `@Validated`, manhaja ta ƙi tashi tun daga farko tana faɗin saitin da ya ɓace. Mutuwa a daƙiƙar farko a gaban mai girkawa ta fi arha nesa ba kusa ba.

Haka kuma ba kowane bambanci ake mayarwa saiti ba. Laburaren da ke da saituna arba'in, kowanne yana kunna wani reshe a cikin kod, ya zama manhajoji da yawa da aka cusa a riga ɗaya. Idan bambancin na ƙima ne, kamar lamba ko adireshi, saiti ya dace. Idan na hali ne, kamar yadda ake tsara rubutun saƙo da Hausa ko Faransanci, ko yadda ake komawa kamfani na biyu in na farko ya gaza, gara a buɗe intafes a bar manhaja ta kawo nata. Boot kansa yana da tsaka-tsaki mai kyau: yana gina abu da kansa, amma kafin ya kammala sai ya tattara duk wani mai gyara da manhaja ta yi wa rajista, irin su `WebServerFactoryCustomizer`, ya bar kowanne ya taɓa abin da yake so. Mai manhaja ya canza abu ɗaya ba tare da ya ɗauki nauyin gina sauran ba.

Abin da ya fi cizon sababbin shiga shi ne tsawon rayuwar kaya. A Spring, in ba a ce komai ba, kwafi ɗaya tak ake ginawa na kowane bean, kuma shi ke yi wa kowa hidima. Tomcat, mai karɓar buƙatun intanet da ke zuwa cikin Boot, yana iya gudanar da buƙatu har 200 a lokaci guda bisa saitinsa na asali, dukkansu suna shiga wannan kwafi ɗaya. Wanda ya ajiye lambar wayar mai buƙata a jikin kilas ɗin, maimakon ya wuce da ita daga aiki zuwa aiki, ya buɗe ƙofar da lambar sirrin wani za ta tafi wayar wani. A gwaji ba za a gani ba, domin mutum ɗaya ne ke dannawa. Sai ranar da jama'a suka yi yawa. Ana iya cewa a gina sabon kwafi ga kowace buƙata, amma in aka miƙa irin wannan ga mai kwafi ɗaya, sai an sa wakili a tsakani ko a yi amfani da `ObjectProvider` a riƙa karɓo sabo a lokacin aiki. Haka wanda aka ce a riƙa gina sabo duk lokacin da aka nema: in mai kwafi ɗaya ne ya nema, sau ɗaya zai nema, ya riƙe shi har manhaja ta mutu. Masu aiki da ASP.NET Core, tsarin Microsoft, sun san wannan ciwo sarai, har kwantenarsu takan kama wani nau'insa ta yi ƙorafi tun ana rubuta manhajar. Ga laburare dai, hanya mafi aminci ita ce kada kayansa su riƙe komai na mai buƙata a jikinsu.

Akwai masu sukar duk wannan tsari, kuma ba su rasa hujja ba. Suna cewa a da mutum yana bin kod da ido ya ga inda aka gina kowane abu, yanzu kuwa haɗin ya koma cikin kwantena, sai an tashi manhaja ake sanin ko ya yi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa wasu suka koma ga kayan aiki irin su Dagger, da ke yin haɗin tun lokacin tattara kod. Spring ma ya riƙa ɗaure abin da ya sake da farko. Boot 2.1 ya hana wani bean ya danne wani mai suna ɗaya a ɓoye, Boot 2.6 na 2021 kuma ya hana zagayen dogaro, inda na farko ke buƙatar na biyu, na biyu ke buƙatar na farko. Ga wanda ya rasa gane dalilin da ya sa aka gina wani abu ko aka ƙi ginawa, tashin manhaja da `--debug` yana fitar da rahoton kowane sharaɗi, wanda ya cika da wanda bai cika ba da dalilinsa. Mai laburare kuma yana da `ApplicationContextRunner`, wanda ke tayar da ƙaramar kwantena a cikin gwaji. Gwaji uku ne ba a yafewa: in babu abin da manhaja ta kawo, na asali ya fito; in manhaja ta kawo nata, na asali ya janye; in an bar saitin dole babu komai, tashi ya gagara.

Boot 3 ya ƙara wani sharaɗi da mai rubuta laburare zai sa a lissafi. Yana ba da damar a mai da manhaja fayil ɗin da ke gudana kai tsaye ta hanyar wani kayan tattara kod mai suna GraalVM, fayil ɗin da ke tashi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya kuma ba ya cin ƙwaƙwalwa sosai. Farashin shi ne ana yanke hukuncin waɗanne kaya za su shiga kwantena tun lokacin gini. Ƙimar saiti kamar lambar ƙasa tana nan ana iya canza ta a saba, amma sharaɗin da ke cewa a gina wannan mai tura saƙo in an kunna saiti kaza, a gina wancan in ba a kunna ba, ya daskare a yadda aka same shi ranar gini. Laburaren da ya dogara ga irin wannan sharaɗi don zaɓar kamfanin tes zai buƙaci gini biyu, ɗaya na Kano ɗaya na Maraɗi, sai dai in an yi wa masu turawar duka rajista, aka bar wani ƙaramin kilas ya karanta saitin ya zaɓi ɗaya bayan manhaja ta tashi.